Godiya ga ma'aikatan cibiyar rajistar JAMB ta hanyar Gidan Zoo

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban cibiya, da dukkan ma'aikatanka maza da mata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman da ke kula da ɗaliban ajin ƙarshe a wata sakandare a nan cikin birnin Kano, mun rubuto ne mu gode muku a bainar jama'a kan yadda kuke riƙe yaran da ke neman gurbi a jami'o'i masu zaman kansu, domin iyaye su san inda ake aiki da gaskiya.

Jami'o'in kuɗi ba baƙi ba ne a ƙasar nan, tun 1999 aka ba Igbinedion da Babcock da Madonna lasisi. Amma a Kano sai 'yan shekarun nan suka yawaita: Skyline ta samu lasisi a 2018, Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila a 2021, wasu kuma suka biyo baya. Tare da su wata gurguwar fahimta ta shigo, wai tunda kuɗi za ka biya, ba ruwanka da JAMB. Babban abin da muke yaba muku shi ne yadda kuke warware wannan tun daga bakin ƙofa. Kowane gurbin digiri, a BUK ne ko a jami'ar kuɗi, sai ya bi ta CAPS, manhajar da JAMB ta fito da ita a 2017. Jami'a ce ke gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, sannan ɗalibin ya shiga da kansa ya danna karɓa, ya fitar da takardar adimishan ta JAMB. Wanda ya tsaya ga takardar da jami'a ta ba shi kaɗai, zai iya shafe shekara huɗu yana karatu, sai lokacin bautar ƙasa ya zo a nemi sunansa a jerin JAMB a rasa. Kuna zaunar da uba ku yi masa wannan bayani da Hausa, ku juyo da allon kwamfuta ya gani da idonsa kafin ya biya kuɗin karɓar gurbi.

Haka kuke takatsantsan da matakin farko. Ɗalibi zai rubuta kalmar NIN a saƙon waya, ya bar tazara, ya sa lambobi 11 na NIN ɗinsa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya tura zuwa 55019 ko 66019 domin a aiko masa lambar furofayil da zai yi rajista da ita. Kuna hana yaro yin wannan da layin maƙwabci ko na mai shago, saboda duk saƙon JAMB ta layin nan zai riƙa zuwa, kuma in ya ɓata an shiga wahala. Kafin a ci gaba kuna jera sunan da ke NIN kusa da wanda ke takardar WAEC ko NECO, harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta saɓa, sai ku ce a koma ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara tukuna. Gyaran yana cin lokaci, wasu iyayen har ransu ya ɓaci, amma gara jinkirin mako da a maƙale a wajen tantancewa.

Sai maganar lalle. Takardar da kuka manna a ƙofa, wadda ke roƙon 'yan mata kada su yi ƙunshi a yatsu gab da rajista ko jarrabawa, ta ceci da yawa, domin na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta karanta yatsan da lalle ya rufe. Kun kuma sa mace ce ke ɗaukar na mata, tana goge gilashin na'urar bayan kowace ɗaya.

Wurin haɗa darussa ma ba ku barin a yi da ka. Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, Ingilishi dole, maki 400 gaba ɗaya. Mai son likitanci sai ya haɗa da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Ana kuma buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Ingilishi, da Lissafi ga kwasa-kwasan da ke buƙatarsa, a zama ɗaya ko biyu, wasu kwasa-kwasan ma zama ɗaya suke nema. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, kuna rubuta masa a bayan silif ɗinsa cewa ya dawo a ɗora da zarar ya fito, don in ba a ɗora ba jami'a ba za ta iya gabatar da shi a CAPS ba. Wanda ya sa jami'ar gwamnati a zaɓin farko daga baya ya sauya shawara, kuna yi masa canjin makaranta a kan kuɗin da hukuma ta yanka, da rasit.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne ba ku yi wa kowace jami'a talla. Kuna cewa a buɗe shafin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, a duba ko kwas ɗin kansa yana da amincewa, ba sunan jami'ar kawai ba. In likitanci ne a tambayi matsayinsa a wurin hukumar kula da aikin likitanci, MDCN, in injiniyanci a wurin ta injiniyoyi, COREN. A je a ga ɗakin gwaje-gwaje da laburare, a tambayi malamai nawa ne na dindindin masu digirin digirgir, tunda su za su duba binciken ɗalibi a shekarar ƙarshe. Kuna kuma tuna wa iyaye cewa bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, saboda haka a lissafa kuɗin dukkan shekarun da na masauki kafin a sa hannu.

Roƙonmu ɗaya: a ƙara rumfa da benci a waje, domin layi na yin tsawo a makon ƙarshe na rajista.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci sana'arku, ya ba yaranmu ilimi mai amfani.

Naku,
Malaman ajin ƙarshe, Kano.