Dutse a kan totur ba gyara ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana rewayoyi na gida, musamman waɗanda manyan a-kori-kura na Amurka masu shan gas suka fara shiga garejinsu ta hanyar Legas da Kwatano. Ni ma aikin wayar mota nake yi a jihar Minnesota, kuma motocin nan su ne abincina.

An daɗe ana cewa injin gas ba ya gajiya da sulo, ko kwana zai yi a kunne. Wannan magana ta ci injuna da yawa. A sulo injin yana juyi 600 zuwa 700 ne a minti, bai isa ya yi zafin kirki ba. Man ba ya ƙonewa duka, sai ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Duba bakin salansar motar da aka saba bari haka, za ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana ɗiga. Ford ɗin da aka ƙera daga 2008 kuwa suna da matatar hayaƙi, ita ma toshewa take yi, kuɗinta kuma ba wasa ba. Mu nan sanyi ke sa mu bar mota a kunne. Ku can zafi ne: oga na cikin taro, direba na zaune cikin AC, altaneta ba ta ba da cikakken caji, batir biyu suna ta ja baya.

Maganin shi ne makunnin da ke ɗaga sulo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ƙanena ya nuna mini yadda ake yi a garejin da yake koyon aiki: a danne totur da dutse ko a tokare shi da sanda jikin kujera. Haba malam! Dutse bai san an taɓa giya ba. Yaro ya jawo ta bisa kuskure, mota mai nauyin fiye da tan uku ta shige bango. Masu yanke wayar totur su cusa resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) su ma ba su tsira ba, domin totur ɗin nan ba shi da kebul, saƙo yake aika wa ƙwaƙwalwar mota, da ta ji baƙon abu sai ta kunna fitilar gargaɗi.

Alhali kamfanin Ford ya riga ya yi rabin aikin. A F-250 da F-350 na 2005 zuwa 2016, leƙa ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, kusa da hambirkin da ake takawa da ƙafa. Akwai damin wayoyi da aka datse aka naɗe, ba a haɗa su da komai ba, an bar su don masu ƙera motar asibiti da ta janwe. A injin mai lita 6.0 waya ɗaya za ka ba wuta ta makunni, sulo ya hau 1,200. A injin 6.7 da ya fito a 2011 sai an ƙara resista, girmanta ne ke zaɓar yawan juyin. Daɗin abin, ƙwaƙwalwar ba ta yarda sai giya na kan P (fakin), hambirki a danne, ƙafa ba ta kan birki. Ka taɓa birki, nan take ta koma sulo.

Kada kowa ya haddace launin waya. Yana canzawa daga shekara zuwa shekara, a nemi takardar Ford ta shekarar motar, a sa mita a tabbatar. Wutar kuma a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli, a sa mata fis. A yi dalma, a daina murɗa waya da haƙori ana naɗe ta da leda.

Mai a-kori-kurar Ram mai injin Cummins 6.7 kada ma ya ɗauko filaya, da maɓallan kuruz na sitiyari, waɗanda ke riƙe gudun mota, ake ɗaga nasa, in an buɗe tsarin a ƙwaƙwalwar.

Wassalam.

Wani rewaya,
Minnesota, Amurka