A riƙa fita da yara su ga bishiyar da unguwarsu ta ci sunanta

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili in yi magana da iyaye da malamai ƴan uwana na nan Kano.

Muna da wani ɗan kulob na kula da muhalli a unguwarmu, ba wani babban abu bane, samari ne da malaman makaranta uku, kuɗin mota ma karo-karo muke yi. Lahadin da ta wuce bayan an fito daga asuba muka kwashi yara ashirin da ɗoriya muka hau Dutsen Dala, kuma wallahi fiye da rabinsu basu taɓa hawa ba alhali kullum suna hango shi daga ƙofar gida. Muna sama muka nuna musu Goron Dutse da hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin birni da ɗan abinda ya rage na badala, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, muka basu labarin Barbushe, sannan da zamu sauko kowa ya ɗau buhu muka tsince ledar fiyawata da robobin lemo, buhu shida muka cika.

Amma abinda ya tsaya min a rai daban ne. A can saman na tambayi wani yaro ɗan Kurna ko ya taɓa ganin bishiyar kurna, sai yace Malam au dama bishiya ce? Jikina yayi sanyi. Garin nan fa da yawa daga sunayen unguwanninsa bishiyu ne, Dorayi daga ɗorawa, ga Rimin Kira ga Durumin Iya ga Tsamiyar Boka ga Ceɗiyar ƴan Gurasa, sunan yana nan amma je ka nemi inuwar. Yaranmu darbejiya kawai suka sani sai mangwaro, suna shan miyar kuka kullum basu san kamannin uwarta ba, kuma ba laifinsu bane tunda babu wanda ya kama hannunsu ya nuna musu.

Bara da damina mun kaisu wata gona ta wajen Dawakin Tofa, wani dattijo manomi ya tsayar dasu ƙarƙashin gawo yace ku ɗaga kai, suka ga ba ganye ko ɗaya duk da ana ta ruwa, yace to shi gawo haka Allah ya yi shi, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana kuma ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore dabbobi su samu abinci, shi yasa manomi mai hankali baya sare shi. Har yau yaran basu manta ba, nima da nake koyarwa a aji ban taɓa iya bayanin da ya zauna musu haka ba. A ranar suka fara ganin shamuwa ido da ido. Ungulu kuwa da muka taso muna gani a kwata, tasu sai a hoto.

Yanzu ga ƙorafina ga ƙungiyoyi irin namu. Duk 5 ga watan Yuni, ranar muhalli ta duniya, zaka ga an fito da riguna iri ɗaya an dasa bishiya an yi hoto an ɗora a Facebook, bayan sati biyu akuya ta cinye. Dashe ai ba shine aikin ba, rainon ne aikin, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da rana take ƙuna. Mu abinda mukai shine kowane yaro muka bashi tasa bishiyar, muka kewaye ta da tsofaffin bulo da ƙaya, shi zai dinga zuba mata ruwa da jarka kafin ya tafi islamiyya. Cikin 30 da muka dasa 19 suna raye, kuma mun haɗa da tsamiya da kanya da magarya, bamu tsaya a darbejiya ba. Jiharmu tana cikin jihohi 11 da hamada take yiwa barazana, bai kamata muna dashen ganin ido ba.

Iyaye dan Allah ku riƙa barin yaran suna zuwa, har da mata, mu malama mace ce take tafiya dasu kuma sai da izinin gida, kafin azahar an dawo. Ba sai an je dajin Falgore ko dam ɗin Tiga ba in ana jin tsoron hanya, gidan zoo na Audu Bako yana nan cikin gari. Limamai su ma su taya mu a huɗuba, tunda ya inganta a hadisi cewa duk abinda mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen musulmi sadaka ce a gare shi.

Wata mai zuwa in sha Allahu Goron Dutse zamu hau, abinda yake bamu wahala mota ce, masu makarantu masu zaman kansu da bas ɗinsu take ajiye ranar Lahadi su taimaka su ara wa kulob ɗin unguwarsu, man fetur mu zamu zuba.

Naku,
Wani malamin firamare, Gwammaja, Kano