Kada Sauya Manhaja Ya Tafi da Tsofaffin Labaranku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta sanarwarku cewa za ku mayar da shafinku na intanet kan sabuwar manhaja, kuma kuna duba yiwuwar goge tsofaffin labarai domin shafin ya yi saurin buɗewa a waya. Sauyin manhajar ba ni da ja a kansa, amma batun gogewar ina roƙon ku sake nazari.

A bara wani ɗalibina da ke rubuta kundin kammala digiri a kan ambaliyar da ta afka wa Sakkwato a watan Satumban 2010, wadda ta karya gadar da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya nemi rahotannin da wata jarida ta wallafa a lokacin. Adireshin kowane rahoto yana rubuce a littafina, amma duk wanda muka buɗe sai lambar 404 ta tarbe mu, wato babu shafin. Da muka tuntuɓi gidan jaridar, sai aka ce mana an sauya manhaja kuma ba a kwaso tsofaffin labarai ba. Biyu kacal muka tsinta a Wayback Machine, rumbun adana kwafin shafukan intanet na ƙungiyar Internet Archive da aka kafa a Amurka a 1996, su ma babu hotuna, domin rumbun yana ɗaukar abin da ya ci karo da shi ne kawai. Matsalar kuwa ta game duniya, don binciken cibiyar Pew na 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke buɗuwa a 2013 sun ɓace bayan shekara goma.

Abin ya fi yi mana ciwo a nan Sakkwato, inda rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka shafe shekara ɗari biyu ana kwafar su da alƙalami da tawada, ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana adana irinsu. Takardar da gara da damina suka kasa cinyewa tana nan, labarin da bai kai shekara ashirin ba kuwa ya salwanta a rana ɗaya.

Ban ce komai ne ya cancanci ajiya ba. Tallar da wa'adinta ya wuce, da labarin da aka ɗora sau biyu bisa kuskure, a share su babu laifi. Sauran kuwa, in nauyi ne damuwarku, a ware musu rumbu na daban wanda ba a sabunta shi, mai karatu ya shiga idan yana da buƙata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne adireshi. Kowace manhaja, WordPress ce ko Drupal, da yadda take tsara nata, saboda haka wajibi ne masu aikin su sa umarnin da suke kira 301, wanda ke kai mai tsohon adireshi kai tsaye zuwa sabon mazaunin labarin. In ba haka ba, duk wanda ya taɓa kafa hujja da ku a kundi ko a Facebook, hujjarsa ta yanke, ko da labarin yana nan.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa, wanda ma'aikacin da bai san harshen ba ba zai lura da shi ba. Idan tsarin haruffan tsohuwar ma'ajiya bai dace da na sabuwa ba, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu zane-zane marasa ma'ana, har a kasa bambanta ƙasa da kasa. A duba ranakun wallafa ma, domin na ga shafin da labarin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ta 2006 ya koma ɗauke da ranar da aka sauya manhaja.

Kafin a taɓa komai, ina ba da shawarar a kwafi dukkan labarai da hotuna da muryoyi, ku riƙe kwafi ɗaya, ku miƙa ɗaya ga laburaren wata jami'a, sannan a sa wanda ya iya Hausa ya karanta samfurin tsofaffin labaran a sabon shafin kafin a rufe tsohon.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani malami daga Runjin Sambo, Sakkwato