Wasiƙa daga Unguwar Rogo: Baba ya daina gane ni

Unguwar Rogo, Jos

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗaki da yara. Ya sanyin Ingila? Mu ma hunturu ya kama, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Kullum ka tambaye ni jikin Baba a waya sai in ce da sauƙi. Ka yafe mini, magana ce da ba ta faɗuwa a minti biyu. Baba ya daina gane ni. Juma'ar da ta wuce na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'arsa da ka sani, sannan ya juya wajen Yaya ya ce, "An kawo wa baƙon nan ruwa kuwa?" Na fita zaure na daɗe ban iya komawa ciki ba.

Abin ya fi shekara uku yana tafiya. Da farko sai ya cusa kuɗi ƙarƙashin buzu ya manta, ya ce jikoki sun ɗauke. Muka ce gigin tsufa ne, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Sai ranar da ya fita bayan sallar asuba bai dawo ba. Muka karaɗe Gangare da Dilimi, sai wajen azahar aka same shi a Taminus, wani mai shayi da ya san shi ya zaunar da shi a benci. Wai motar Bukuru yake nema, kada ya makara aikin kuza, aikin da ya bari kusan shekara arba'in. Da ba wanda ya san shi a wurin fa? Ka san yadda ake yi wa tsofaffi, musamman mata, idan aka gan su suna yawo suna sambatu. Kafin ka ce kwabo an ce mayya ce, an taru a kanta.

Daga nan muka kai shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo. Aka auna jini, don likita ya ce ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar maƙoƙo kan kawo mantuwa, kuma waɗannan suna jin magani. Na Baba ba su ba ne. Cutar Alzaima ce, wadda wani likitan Jamus ya fara bayaninta a 1906, ga kuma hawan jini da ya daɗe yana yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa illa. Ba ta warkewa, magani sai dai ya rage wasu alamomin na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Amma mu nan kowane gida ɓoye nasa yake yi a ƙuryar ɗaki, kamar abin kunya.

Wadda ta fi ba ni tausayi Yaya ce. Ta rufe shagon ɗinkinta, ita ce wanka, ita ce ba da abinci. Da la'asar ta yi sanyi sai ya rikice, ya ɗauki sandarsa ya ce zai tafi gida, alhali yana tsakar gidan da ya gina da hannunsa. Yakan nemi Inna. Da muna ce masa ta rasu, sai ya fashe da kuka kamar yanzu ya ji. Yanzu Yaya takan ce ya ba ta labarin aurensu, sai ya saki jiki yana ta zuba. Tabara kuwa har gobe yana kawo ta ba tuntuɓe, ko da yake raka'o'in salla sun rikice masa. Liman ya kwantar mana da hankali, ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

Shi Liman ɗin na roƙa ya taɓo maganar a wa'azi. Wallahi kafin mako ya zagayo gida shida suka same ni, kowa da irin nasa. Yanzu muna haɗuwa a zaurenmu ƙarshen wata, mun buɗe ɗan asusu. Da shi muke sayen famfas na manya da maganin hawan jini, mu biya kuɗin Keke zuwa asibiti, mu kuma sallami wadda za ta karɓi mai jinya wuni guda ta samu ta runtsa. Mun ɗinka wa kowane tsoho lambar waya a cikin aljihun riga. Muna so ranar 21 ga Satumba, ranar cutar ta duniya, mu gayyato likita ya yi wa unguwa bayani da Hausa.

Abu biyu nake nema wajenka. Ka sa mana abin da ya sauwaƙa a asusun. Sannan tunda kana aikin jinya a can, ka turo mini takardun da kuke ba iyalai, in samu mai mayar da su Hausa. Tun 1992 aka fara babban binciken ciwon mantuwa kan tsofaffin Ibadan ana kwatanta su da baƙaƙen fatar Indiyanafolis ta Amurka. Ina kwaɗayin a yi irinsa a kan tsofaffinmu, da tambayoyin da za su fahimta a harshensu, kuma in masu bincike suka zo, gidanmu a buɗe yake.

Idan ka kira, kada ka ce masa "Baba ka gane ni?", tambayar tana tayar masa da hankali. Ka ce ɗan Malam na Gangare ne yake gaisuwa. Mahaifinka bai fita daga ransa ba, jiya ma ya ce a ajiye masa goro. Ka kira da hantsi, lokacin ya fi natsuwa.

Yaya tana gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Naka,
Amininka