Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin ƙera kwamfutar nutso a kan tsinkewar maɗaurin hannu

Zuwa ga Shugaban Kamfani,
ta hannun sashen kula da abokan ciniki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in kawo kukana a kan maɗaurin roba da kuke saka wa kwamfutarku ta nutso, wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu, saboda yana tsinkewa tun na'urar tana da sauran ƙarfinta. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne domin amsar da na samu daga wakilinku ta nuna mini cewa kamfaninku yana ɗaukar abin a matsayin ƙaramar matsala, alhali kuwa a wurinmu da muke shiga ƙarƙashin teku magana ce da ta shafi rai. Sana'ata ita ce yi wa masu nutso jagora a Bahar Maliya, a gaɓar Jidda, inda jiragenmu suke tashi daga Obhur zuwa duwatsun murjani irin na Abu Faramish, kuma da kwamfutarku ni da abokan aikina da yawa muke shiga ruwa.

Ba ni da abin suka a kan na'urar kanta. Lissafinta yana tafiya daidai, ana iya karanta fuskarta ko a ruwa mai duhu, batirinta kuma yana jurewa. Abin da ya gaza shi ne robar da take riƙe ta a hannu, kuma gazawar hanya ɗaya take bi a kowane lokaci: robar takan fara taurarewa, launinta ya dusashe, ƙananan tsagu su bayyana ta ciki inda ido ba ya kaiwa sai an lanƙwasa ta, daga nan sai ta katse, ko dai a hujin da aka saba ɗaurawa ko kuma a gindinta kusa da fil ɗin da ya haɗa ta da jikin kwamfutar. Nawa ya tsinke ne ina cikin haurowa tare da baƙi, Allah Ya sa na'urar ta maƙale a hannun rigata na cafke ta. Wani abokin aikina bai yi wannan sa'a ba, domin tasa ta sulale ne a gefen wani dutsen murjani da zurfinsa ya wuce mita 40, wato iyakar da aka yarda mai nutson shaƙatawa ya kai, ya kuma bar ta yana ji yana gani, tunda bin ta ganganci ne.

Kun fi ni sanin aikin wannan na'ura, amma zan bayyana shi saboda masu karatu su gane dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke doron ƙasa, ta yadda a zurfin mita 30 ya riɓanya huɗu. A cikin wannan matsi iskar nitrojin da yake shaƙa daga tukunyarsa tana narkewa cikin jini da tsoka, kuma idan ya daɗe fiye da ƙima ko ya hauro da gaggawa, sai ta fito a matsayin kumfa a cikin jiki, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, wani lokaci ma rasa rai. Jadawalin da ake koya wa ɗaliban nutso ya yarda mutum ya zauna har minti 56 a zurfin mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Kwamfutar ita ce take bin wannan lissafi daƙiƙa bayan daƙiƙa, da yawa daga cikin irinta bisa tsarin da likita Albert Bühlmann na birnin Zurik ya tsara, wanda ya kasa jikin mutum gida 16 gwargwadon saurin shan iskar da sakinta. Ita ce take yin ƙara idan mutum ya wuce kimanin mita 10 a minti ɗaya wajen haurowa, ita ce kuma take ƙirga masa minti 3 na tsayawar kariya a mita 5. Wanda ta faɗi daga hannunsa a tsakiyar ruwa ya rasa zurfinsa da lokacinsa da saurin tashinsa gaba ɗaya a lokaci guda.

Asarar ba ta tsaya nan ba, domin abin da na'urar ta tafi da shi har da lissafin nitrojin da ya rage a jikin mai ita daga nutson da ya gabata. Ba a aron ta wani a ci gaba, saboda wadda aka aro ba ta san abin da ke jikin mai aron ba, shi ya sa ƙa'idar da muke bi ita ce mutum ya haƙura da ruwa aƙalla awa 24. Ga jagora irina wannan yana nufin aikin yini ya tafi, ga baƙon da ya biya kuɗin jirgi da masauki kuwa hutunsa ne ya ragu, sannan ya koma lissafin awa 18 da ake so ya jira kafin ya hau jirgin sama bayan nutso a jere ba tare da na'urar da take tuna masa ba. Kwamfuta da maɗaurinta kamar guga ne da igiyarsa, komai kyan guga idan igiya ta tsinke ya zama na rijiya. Saboda haka ban ga hujjar da kuka dogara da ita ba wajen jera maɗauri cikin kayan da suke ƙarewa da amfani, waɗanda garantinku bai shafa ba.

Wakilinku ya ce mini laifin na mai amfani ne, wai ko ba a wanke robar da ruwan daɗi bayan an fito, ko kuma man kariyar rana da maganin sauro ne suka ci ta. Gaskiya ne waɗannan abubuwa suna lalata roba, kuma muna gargaɗin baƙinmu a kansu, sai dai wannan amsa ba ta warware abin da muka gani da idonmu ba. Akwai maɗaurin safaya da muka ajiye a cikin ledarsa a ɗakin kaya, bai taɓa shiga teku ba, rana ba ta taɓa dukansa ba, amma da aka ɗauko shi za a saka sai ya marmashe a hannu. Takardar da ta zo da na'urar ta ce da robar foliyuritan aka yi shi, kuma sananne ne a wajen masu harkar roba cewa wani nau'inta yana ruɓewa idan laima da zafi suka haɗu a kansa, ko ana amfani da shi ko yana ajiye. Laima da zafi kuwa su ne rayuwar Jidda, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, ga shi kuma gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, sama da giram 35 da aka saba samu a sauran tekuna. Wuraren da aka fi zuwa nutso a duniya wurare ne masu zafi da laima, don haka ba za a ce yanayinmu ya zo wa injiniyoyinku da ba-zata ba.

Akwai kuma aibi a tsarin maɗaurin kansa. Rigar nutso tana cike da ƙananan ƙwayoyin iska da suke matsewa idan aka yi zurfi, sai hannun rigar ya sirance, kwamfutar ta fara juyawa a hannu. Mai nutso yakan ƙara ɗaure ta a can ƙasa, sannan da ya hauro rigar ta sake kumbura, robar ta ɗauki wani ja da ba a yi ta dominsa ba, kuma wannan yana maimaituwa a kowane nutso a kan huji guda. Bayan haka maɗaurin naku ɓangare biyu ne, kowanne yana rataye da fil ɗaya tak, fil ɗin kuma yana da ɗan sifirin a ciki wanda gishiri yake shiga ya yi masa tsatsa, ta yadda duk inda aka samu gazawa guda, na'urar ta rabu da hannu ke nan. Ƙa'idar ISO 6425 ta agogunan nutso ta tanadi a ja maɗauri da ƙarfin niwton 200, wato nauyin kusan kilo 20, a tabbatar bai rabu da agogon ba. Ina so ku gaya mana ko kuna yi wa naku irin wannan gwaji, kuma idan kuna yi, shin a kan sabon maɗauri kaɗai ne, ko kuwa har da wanda ya shekara a cikin zafi da gishiri, domin shi ne wanda yake hannunmu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wahalar samun madadinsa. Kun ƙera gindin maɗaurin da wata siffa da babu wanda yake shiga sai naku, wakilinku ba ya ajiye shi, sai an yi oda a jira makonni, waɗanda suke da tsohon samfuri kuma ce musu ake yi an daina ƙera shi, su sayi sabuwar na'ura. Ga kwamfuta lafiya lau, amma an jingine ta saboda ɗan guntun roba. Wannan ne ya tura mutane ga dabaru: wasu suna manne tsagar da gam, wanda ba ya riƙe irin wannan roba a ruwa, wasu suna ɗaurewa da siririn maɗaurin waya na leda, waɗanda suka fi sanin aiki kuma suna zura igiyar roba mai talewa zagaye biyu, kowane zagaye da ƙullinsa daban. Wannan ta ƙarshe dabara ce mai kyau da masu nutso mai zurfi suka daɗe suna amfani da ita, domin igiyar tana bin rigar idan ta matse ko ta kumbura, kuma idan zagaye ɗaya ya katse ɗayan yana nan riƙe. Sai dai jikin kwamfutarku ba shi da hujin da za a zura ta, wakilinku kuma ya ce duk wanda ya yi wa na'urar wani gyara ya zubar da garantinsa. Kun hana mu hanyar da take aiki, ba ku kuma ba mu wata ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Babbansa shi ne ku fitar da mazaunin da kwamfutar za ta shiga ciki, mai huji huɗu na igiyar roba, wanda zai dace da sababbin samfura da tsofaffi, ku kuma bayyana a rubuce cewa amfani da shi ba ya taɓa garanti. Ku sauya robar da kuke amfani da ita zuwa silikon ko wata da aka gwada a zafi da laima, ku buga watan da aka ƙera kowane maɗauri a jikinsa tare da wa'adin da ya kamata a canja shi, kamar yadda kuke faɗin lokacin canja batir. Waɗanda nasu ya tsinke a cikin lokacin garanti a musanya musu kyauta, wanda kuma na'urarsa ta nutse saboda wannan aibi, irin abokin aikina, ya cancanci ku duba lamarinsa da adalci. Kafin duk wannan ya tabbata, haƙƙi ne a kanku ku aika wa masu na'urar sanarwa cewa su riƙa lanƙwasa maɗaurin suna duba cikinsa kafin kowane nutso, su kuma ƙara wata igiya ta biyu da za ta riƙe kwamfutar a hannu.

Na adana tsinkakkun maɗaurai, har da wanda ya marmashe bai taɓa ruwa ba, kuma a shirye nake in aiko muku da su ta hannun wakilinku domin injiniyoyinku su bincika. Ina jiran amsarku a rubuce, kuma zan sanya ta a nan inda na sanya wannan wasiƙa, ba tare da na rage ko na ƙara komai ba, domin sauran masu amfani da na'urarku su karanta.

Ka huta lafiya.

Naku,
Mai yi wa masu nutso jagora,
Jidda, Saudiyya.