Wasiƙa zuwa ga 'yata game da tarin Abba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, na rubuto miki ne saboda maganar da Gwaggonki ta zo mini da ita bayan ta dawo daga wajenku ranar Juma'a, wadda tun da na ji ta ban ƙara yin barcin kirki ba. Ta ce Abba ya shiga mako na uku yana tari, ya daina fita wasa da yaran maƙwabta, rigar da aka ɗinka masa ta ƙaramar Sallah ta yi masa yawa, kuma da ta shafa wuyansa ta ji kaluluwa a ƙasan kunnensa. Ta kuma ce ƙanin mijinki da ke kwana a shagon zaure ya fi wata biyu yana tari, alhali kullum Abba yana kan cinyarsa. Sau uku muna waya da ke a kwanakin nan ba ki ambata mini ko ɗaya ba, kuma wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Tarin fuka nake tsoro. A jikin yaro ba ya zuwa da kamannin da aka sani a jikin babba, saboda haka kada ki zauna jiran ganin jini a kaki, domin ɗan shekara uku haɗiye kakinsa yake yi. Abin dubawa shi ne tarin da ya wuce mako 2 bai ji magani ba, da zazzaɓin da yake tafiya yana dawowa bayan an sha maganin maleriya, da rama ko tsayawar nauyi wuri ɗaya, da gumin dare wanda za ki taɓa matashinsa da asuba ki ji shi sharkaf ko da sanyi ake yi, sannan da yaron da ya koma kwanciya a gindin uwarsa ba ya son abinci.

Kin san yadda ƙaninki ya tafi, ko da yake kina ƙarama a lokacin. An ce haƙori ne, an ce shawara ce, na yi ta ɗura masa jiƙo wata guda, sai da wuyansa ya sanƙare, ya fara amai da fizge-fizge, ya daina gane ni, sannan muka kai shi asibiti, inda aka ce ciwon ya riga ya hau ƙwaƙwalwa. Allah ya sani ban yi sakaci da gangan ba, babu wanda ya taɓa gaya mini cewa tari yana iya zama sanƙarau, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne ya fi yi wa haka. Ni ina da uzurin rashin sani, ke kuwa da karatunki ba ki da shi, kuma ba zan yarda kunyar dangin miji ta sa ki rufe baki a kan ran ɗanki ba.

Gobe ki kai shi asibitin gwamnati, ki faɗa musu a fili cewa akwai mai dogon tari a gidan. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, kuma yanzu har da kashin yaro ana gwadawa idan bai iya fitar da kaki ba, a haɗa da hoton ƙirji. Tabon allurar BCG da ke hannunsa, wato rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, kada ya ruɗe ki, tana rage munin ciwon ne kawai. Ki roƙi maigidanki cikin ladabi ya kai ƙaninsa shi ma, domin ta iskar ɗaki ake ɗauka, kuma ki tafi da jaririyar a duba ko za a ba ta maganin kariya. Idan aka ɗora Abba a kan magani, wata 4 ne zuwa 6 ko fiye, kuma ko ya yi ƙiba ya koma guje-guje ba a tsayawa sai likita ya ce.

Ki yi haƙuri da zafin maganata, 'yata, na san hidimar goyo ta yi miki yawa. Na ba direban motar kasuwa kuɗin mota da ƙullin garin kunu ya kawo miki, ni kuma ina nan tafe ranar Alhamis in Allah ya yarda, in riƙe miki jaririyar. Ki shafa mini kan maigidana Abba, Allah ya ba shi lafiya.

Wassalam,
Mahaifiyarki.