A bar yara su zaɓi monita tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Lahadi, kan koya wa ɗalibai dimokuraɗiyya da fasaha, ya ɓata mini rai, kuma gara in faɗa muku da in bar abin yana ci na. Daga farko har ƙarshe baƙon nan naku magana ɗaya yake juyawa: a raba wa ɗalibai kwamfutar hannu, a zuba musu manhaja, shi ke nan an samu 'yan ƙasa masu kishin dimokuraɗiyya. Mai gabatarwa kuwa ban da "ƙwarai kuwa, Dakta" ba abin da yake cewa. Ana maganar aji, amma ba malamin aji ko ɗaya a wurin, balle ɗalibi.

Ni nake koyar da sibik, wato darasin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, a wata makarantar sakandaren gwamnati, don haka bari in gaya muku abin da Dakta bai faɗa ba. A makarantarmu ba a zaɓen kowa. Ranar da za a sauya shugabannin ɗalibai, firinsifal ne zai tsaya a asembli da takarda a hannu ya karanto sunaye: wane shugaban ɗalibai, wane mai kula da tsafta, wane mai buga ƙararrawa. A tafa, a watse. Hatta monitan aji, malami ne yake nuna shi da yatsa, galibi wanda ya fi girman jiki ko ya fi iya kai rahoto. Ana gama wannan sai in shiga aji in rubuta a allo cewa dimokuraɗiyya mulkin jama'a ne, jama'a ke zaɓen shugabanninsu. Yara ba wawaye ba ne. Suna haddace abin da na rubuta don su ci WAEC da NECO, amma darasin da ya zauna musu shi ne na asembli: manya ke naɗawa, kai naka tafi. Wace manhaja ce za ta goge wannan? Kamar a ɗaure wa yaro ƙafa ne sannan a saya masa keke.

Kada a ce ina gaba da fasaha. Bayan zaɓen 2023 na buɗe shafin IReV na hukumar zaɓe a wayata, da datar da na saya da kuɗina, na nemo takardar sakamakon rumfar zaɓen da ke unguwar makarantar. Na miƙa wayar tana zagayawa benci benci. Ga rubutun hannun jami'in zaɓe, ga sa hannun wakilan jam'iyyu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta dubi yawan waɗanda suka yi rajista, ta dubi yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a, ta ce, "Malam, to sauran ina suka tafi?" Daga nan aji ya kaure. Wani ya ce babansa ya ce ko an yi ko ba a yi ba duk ɗaya ne. Wata ta ce yayarta ta je, amma taliya da sabulu aka ba ta. Na gaya musu ba unguwarsu kaɗai ba ce: mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a ƙasar nan, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari ke nan. Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin yaran nan sun ƙi fita tara don gardama a kan darasi ba sai ranar.

Kun san abin da ya biyo baya? An kira ni ofis. Wai wani uba ya kawo ƙara cewa ina cusa wa yara siyasa. Aka ce in tsaya a kan manhajar karatu, kada in jawo wa makaranta magana, kuma dama doka ta hana waya a aji. Ban ambaci jam'iyya ba, ban zagi kowa ba, takardar da hukuma da kanta ta sa a intanet don kowa ya gani na nuna. Wannan shi ne abin da ya kamata shirinku ya tono, ba yawan kwamfutocin da za a raba ba. Muna da ɗakin kwamfuta ai. A kulle yake, an lulluɓe kwamfutocin da leda, ba a buɗewa sai za a yi baƙi ko an matso jarrabawar JAMB, shi ma in an samu man janareta.

Da Dakta yana neman misali, ba sai ya tsallaka zuwa ƙasashen Turai da ya yi ta lissafowa ba. Ga Bagega nan a ƙaramar hukumar Anka. Gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara tun 2010, kuɗin share gubar daga garin ya maƙale, sai da matasa irin su Hamzat Lawal na Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka tayar da ƙura a Twitter a 2012, sannan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. Waya ce a hannunsu, gaskiya ne. Amma wayar ba ita ta koya musu tsayawa gaban babba su ce ina kuɗin ba. Mu kuwa yaron da ya tambayi inda kuɗin PTA ya shiga, bulala zai sha, a ce ba shi da tarbiyya.

Kuma ku tuna, dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ɗan aji shida na sakandare mai shekara 18 ya isa yankar katin zaɓe yau, nan da shekara bakwai ya isa ya nemi kujera. Wannan yaron ne ake cewa bai isa ya zaɓi mai share allo ba.

Ina roƙo ku sake shirin. Ku gayyato malaman aji, ku gayyato ɗalibai maza da mata, ku kawo firinsifal ko da guda ne, ku tambaye shi kai tsaye yaushe rabon da a yi zaɓe a makarantarsa. In yana son a yi da kwamfuta, bismillah. In babu wuta, kwalin indomi da takardar littafi sun isa. Kuma ku buɗe layin waya da wuri, ba sai saura minti biyar a rufe ba.

Sannan don Allah, tallan masu maganin gargajiya da kuke sawa a tsakiyar shiri ya wuce gona da iri. Na ce ɗalibaina su saurara tare da iyayensu, sai ga wani yana zayyano cututtukan ma'aurata da kalmomin da ba za su faɗu a tsakar gida ba. Surukata tana zaune, dole na kashe rediyon. In ba za ku iya dainawa ba saboda kuɗi, ku mayar da shi can tsakar dare.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare, Gusau